Bayana ga dandamali, kunnena ga tsofaffin makaɗan rok

Duk shekara idan aka rufe kakar ƙwallo a Ingila, rana ta fara tsawo, filayen wasa sukan koma wuraren kiɗa. A shimfiɗa robobi a kan ciyawa, a kafa dandamali a bayan raga, manyan motoci su kwana suna sauke lasifikoki da fitilu. A lokacin ne ake fara kiran irinmu masu riga ruwan ɗorawa, waɗanda aikinmu duba tikiti ne da nuna wa mutane kujerunsu da tsare shingen gaba. Tun ina ɗalibi na shiga wannan aiki don in rage kuɗin haya. Karatu ya ƙare amma ban saki aikin ba, domin ya kai ni kusa da abin da nake so tun ina yaro a Sabon Garin Zariya, inda wani mai gyaran rediyo a layinmu yake sakin kaset ɗin jitar Turawa tun hantsi har la'asar.

Abin da duk wanda ya daɗe a wannan aiki zai lura da shi shi ne, masu jitar da suke iya cika filin mutum dubu hamsin a yau, yawancinsu dattawa ne. Sun haura saba'in, wasu sun taka tamanin. Shi ya sa a ɗakin da muke ajiye jakunkuna ba a rasa gardama: shin waɗannan tsofaffin suna iya wasa har yanzu, ko kuwa tsohon suna kawai ake sayar wa mutane da tsada? Ni amsata ita ce suna iyawa, wasunsu ma sun fi yadda suke a da. Sai dai ba dukansu ba, kuma abin da ya raba masu iyawa da marasa iyawa ba yawan shekaru ba ne.

Ƙa'idar aikinmu ita ce wanda aka ajiye a shingen gaba ya juya wa dandamali baya, ya fuskanci jama'a, don ya ga wanda ya suma ko wanda aka matse. Saboda haka wuta mai walƙiya da manyan allunan bidiyo da hayaƙi, duk ba sa cikin lissafina. Kunne nake da shi, sai fuskokin mutane. Idan aka cire wa mutum ido a wurin kiɗa, da wuya a ruɗe shi.

Murya ce tsufa yake fara taɓawa. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu da suke kaɗawa idan iska ta ratsa su. Da shekaru suka ja, sai su sirance, su rage laushi, guringuntsin da ke riƙe da su ya yi tauri, huhu kuma ya daina ɗaukar iska kamar da. Saman murya shi ke fara tafiya. To kiɗan rok na shekarun 1970 kuwa a can sama aka gina shi, samari ne 'yan ashirin da wani abu suke tsala ihu, ba tare da tunanin wata rana za a ce su maimaita shi suna da jikoki ba.

Maganin da masu gaskiya suke yi wa wannan a fili yake: a sauko da waƙar ƙasa. Makaɗa su sassauta tsirkiyoyi ko su kama waƙar daga wani wuri, rabin mataki ko mataki guda, yadda mawaƙi zai kai ba tare da ya yage maƙogwaronsa ba. Haka Led Zeppelin suka yi ranar 10 ga Disamba 2007 a zauren O2 na Landan, daren da suka sake haɗuwa don tunawa da Ahmet Ertegun, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Atlantic. Mutum kusan miliyan 20 ne suka nemi tikitin zauren da bai kai dubu 20 ba. Mawaƙinsu Robert Plant yana da shekara 59 a lokacin, kuma an sauke waƙoƙi da dama saboda shi. Na kalli faifan wannan dare har ya zauna mini a ka, kuma a kunnena saukewar ba ta rage komai ba. Nauyi ma ta ƙara wa kiɗan. Plant bai bi sawun saurayin da yake a 1971 ba, inda ihu ya kamata ya fito sai ya lanƙwasa muryar ya bi ta ƙasa, kuma abin ya zauna daram.

Wanda ya ƙi saukowa, jiki ne yake yanke masa hukunci. Steven Tyler na Aerosmith, yana da shekara 75, ya ji rauni a maƙogwaro a kan dandamali a watan Satumba 2023, a farkon rangadinsu na bankwana. Aka yi ta jira ya warke, a watan Agusta 2024 ƙungiyar ta sanar cewa ta daina rangadi. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da ya ba da abin da yake da shi har ya ƙare. Amma darasi ne ga masu cewa tsufa a zuciya yake. A maƙogwaro ma yana nan.

Mutane sun fi maganar murya saboda ita suke ji, amma ni wurin mai ganga nake fara kasa kunne. Shi ne yake aikin ƙarfi na gaske. Hannu biyu da ƙafa biyu, awa biyu babu hutu, ƙarƙashin fitilu masu zafi. Wasu masu bincike daga jami'o'in Chichester da Gloucestershire sun taɓa bin Clem Burke, mai gangar Blondie, suna auna bugun zuciyarsa yana cikin wasa. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna bugun yakan kai 190 a minti ɗaya, kwatankwacin na ɗan ƙwallon da ke tsakiyar wasa. To ka ɗora wannan a kan mai shekara 75. Mawaƙi zai iya miƙa wa jama'a makirfo su yi masa amshi ya samu ya numfasa, mai jita zai iya rage yawan abin da yatsunsa suke yi, amma mai ganga ba shi da maɓoya. Idan ya gaji, waƙa takan fara da gudu ta ƙare da jan ƙafa, kuma ko wanda bai san komai a kiɗa ba zai ji jikinsa ya daina motsi bai san dalili ba. Daga inda nake tsaye ina ganin wannan ƙarara: kawunan da suke kaɗawa tare sai su fara rarrabuwa, wayoyi su fito daga aljihu, layin masu zuwa sayen abin sha ya fara tsawo.

Phil Collins, wanda duniya ta sani da ganga kafin ta san shi da waƙa, ciwon jijiya ya hana shi riƙe sanda. A rangadin ƙarshe na ƙungiyarsu Genesis a zaune ya yi waƙa a kan kujera, ɗansa Nic, mai shekara 20, yana bayansa yana dukan gangunan. Suka rufe a Landan ranar 26 ga Maris 2022. A daren Led Zeppelin ɗin nan ma, Jason Bonham ne ya zauna a kujerar mahaifinsa John, wanda ya rasu a 1980. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma na lura yawancin tsofaffin ƙungiyoyin da har yanzu suke da wuta, akwai wani mai sauran ƙarfi da ke zaune a bayan ganguna.

Sai kunne. Mu ma'aikata ana raba mana abin toshe kunne kafin a buɗe ƙofa, kuma duk da haka nakan koma gida da ƙara a kai. Su kuwa shekara hamsin suka yi a gaban lasifikokin da suka fi su tsawo, a zamanin da babu wanda ya damu. A 2016 likitoci suka gaya wa Brian Johnson na AC/DC cewa in bai tsaya ba zai kurmance gaba ɗaya. Ya sauka a tsakiyar rangadi, Axl Rose ya ƙarasa musu. Sai a watan Oktoba 2023 ya dawo wasa da su a Kalifoniya, da taimakon wata na'ura da ake sa masa a kunne. Mawaƙin da ba ya jin kansa ba zai iya tsayawa a kan hanya ba komai kyan muryarsa.

Duk wannan asara ce, kuma ba na ɓoye ta. Amma ranar 9 ga Yuni 2022 ina cikin waɗanda aka tura Anfield, filin Liverpool, daren da Rolling Stones suka zo a rangadin cikarsu shekara 60. Rabonsu da wasa a garin tun 1971. Mawaƙinsu Mick Jagger da mai jita Keith Richards suna da shekara 78 kowannensu, ɗaya mai jitar, Ronnie Wood, ya cika 75 a farkon watan. Charlie Watts, mai gangarsu tun 1963, ya rasu a watan Agusta 2021, kuma da hotunansa aka buɗe daren. Jagger kuwa an yi masa aikin zuciya a 2019. Na tafi da shakka a raina, domin a wurina Watts shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. Yana da wata ɗabi'a ta ɗaga sanda daga faifan ƙarfe daidai lokacin da zai doki ƙaramar ganga, sai dukan ya fito shi kaɗai, tsaf, kamar ya ɗan makara da gangan. Wannan 'yar makarar ita ce rawar Rolling Stones. Steve Jordan da ya gaje shi ya fi shi nauyin hannu, yana tura waƙa gaba maimakon ya jingina a bayanta. Kiɗan ya canza, kuma ba su yi ƙoƙarin nuna bai canza ba.

Kowa Jagger yake kallo, kuma ya cancanta. Mahaifinsa malamin motsa jiki ne da ya kai shekara 93, shi ma da alama bai taɓa sakaci da jikinsa ba. Akwai wata doguwar hanya da ta fito daga dandamali ta ratsa cikin jama'a, ina jin muryarsa a lasifika amma daga yadda dubban kawuna suke juyawa nake gane inda ya kai. An tsara daren da hikima. A tsakiya sai ya gabatar da makaɗa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bar wa Richards makirfo ya yi waƙoƙinsa, shi kuma ya shiga ciki ya huta. Akwai 'yan amshi masu ƙarfin murya da suke tallafa masa a wuraren da ke sama, akwai Chuck Leavell a kan fiyano da ya shafe shekara arba'in yana riƙe musu lissafin waƙa. Babu wanda aka ɓoye, duk an kira sunansu, jama'a sun tafa musu.

Amma abin da ya tsaya mini a rai jita biyun nan ne. Yatsun Richards sun kumbura da amosanin gaɓɓai, duk wanda ya ga hotonsu kusa ya sani. Ba ya iya gudu a kan tsirkiya. A waƙoƙi da yawa tsirkiya biyar kawai yake amfani da su, ya cire ta shida tun shekaru aru-aru. Abin da yake yi yanzu shi ne ya doki jita sau ɗaya, ya bar rami, sai Wood ya faɗa cikin ramin, kafin ya fito Richards ya sake dawowa ta wani gefe. Ba ka iya cewa wannan ne jagora wancan ne mabiyi. A farkon wata waƙa ɗayansu ya shigo a karkace, na ji shi sarai, sai ɗayan ya ɗan ja baya ya jira shi, mai ganga ya lanƙwaso, cikin daƙiƙa kaɗan suka haɗe. Wani dattijo da ke jingine da shinge a gabana, da 'yarsa tana riƙe da gwiwar hannunsa, ya yi dariya ya ɗaga babban yatsa sama. Shi ma ya ji. Daɗi abin ya yi masa, domin ya tabbatar mutane ne suke kiɗa a gabansa, a wannan daren, kuma suna sauraron juna.

A nan ne na tsayar da ra'ayina. Ƙungiyar da mutanenta suke sauraron juna a kan dandamali tana da rai, ko shekarunsu nawa. Saurayi yana da ƙarfi da gudu, amma sau da yawa kansa kawai yake ji. Sanin inda za ka yi shiru, da sanin numfashin abokin kiɗanka har ka gane zai yi tuntuɓe kafin ya yi, wannan sai an daɗe tare.

Na ga kishiyar haka, kuma har yau abin yana ci mini rai. Wata ƙungiya ce da ta yi tashe sosai a shekarun baya, a wani rufaffen zaure. Mukan iso da wuri, don haka mukan ji gwajin sauti da rana, kujeru babu kowa. Ina cikin zagayen duba ƙofofin fita sai na ji muryar mawaƙin ta cika zauren, tas da ita, har can sama, kamar a faifai. Na waiga don in ga wannan baiwar Allah. Babu kowa a gaban makirfo. Wani yaro ne a bayan tebur yake danna kwamfuta. Da dare kuwa, waƙa bayan waƙa, komai ya fito daidai da faifan da aka buga shekara arba'in da suka wuce. Mai ganga yana bin wani ƙyas-ƙyas da ake sa masa a kunne, ba shi da ikon ƙara gudu ko ragewa, domin muryar da aka naɗa ba ta jiran kowa. Babu kuskure ko ɗaya a daren, kuma babu lokaci ɗaya da tsigar jikina ta tashi.

Akwai wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi da muke aiki tare, kowa Anti yake ce mata. A hanyar tashar jirgin ƙasa na yi ta mita, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, kai ka ga fuskokinsu kamar yadda na gani. Matar nan ta layi na biyu kuka take yi tana rera waƙar. Ita ƙuruciyarta ta zo nema, kuma ta samu. Kai mene ne naka a ciki?" Na ce, "Anti, gaskiya ne ta samu. Amma da an rubuta a jikin tikiti cewa muryar naɗaɗɗiya ce, da ta biya wannan kuɗin?" Ta yi shiru, ta ce wataƙila da ta biya. Kuma wataƙila da gaskiyarta. Na yarda cewa rabin abin da ke faruwa a irin wannan dare daga jama'a yake fitowa, mutum dubu goma suna rera waƙar da suka yi aure da ita, suka yi jana'iza da ita. Ban raina wannan ba. Ban kuma ce duk wani sauti da aka naɗa haramun ne ba, matasan mawaƙa ma suna cika waƙoƙinsu da shi, kuma idan goge ne ko wani amo da ba za a iya ɗauko masu yinsa ba, babu damuwa. Amma muryar mawaƙi ita ce alƙawarin da ke kan tikiti. Mutumin da ya tara fam ɗari da ɗoriya ya zo, yana da haƙƙin ya ji dattijon da ke gabansa, ko da muryar ta dusashe.

Akwai kuma inda sunan ne kawai ya rage. Gary Rossington, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa Lynyrd Skynyrd, ya rasu a watan Maris 2023, ƙungiyar kuma ta ci gaba da yawo. KISS sun yi wasan bankwana a New York a watan Disamba 2023, a daren suka nuna mutum-mutumin kwamfuta da za su ci gaba a madadinsu. Ba abin mamaki ba ne, cinikin faifai ya mutu, abin da ake samu daga sauraro ta intanet kaɗan ne, kuɗin yana wurin tikiti da riguna, kuma bayan kowace babbar ƙungiya akwai ɗaruruwan masu cin abinci. Amma wannan wata magana ce daban, ba ta shafi ko tsoho yana iya kiɗa ba.

Yayana da ke Zariya, da na tura masa bidiyon Jagger, sai ya kira ni. "Kai yanzu wannan sa'an Baba ne fa," in ji shi. "Mutum da furfura yana tsalle da matsattsen wando, ina kunya?" Na ce, "Yaya, Shata fa? Wa ya taɓa ce masa ya tsufa da waƙa?" Ya ce ai wannan daban ne. Kuma da na zauna na yi tunani, da gaskiyarsa, daban ne. Mamman Shata ya yi waƙa har kusan rasuwarsa a 1999, Ɗan Maraya Jos ya riƙe kuntiginsa har tsufa kafin ya rasu a 2015, kuma babu wanda ya ga abin kunya. Waƙarmu a kan magana take tsaye, magana kuwa ƙara nauyi take yi a bakin dattijo. Makaɗan kalangu da 'yan amshi suna ɗauke masa aikin ƙarfi, shi nasa ya zaɓi kalma ya jefa ta inda ta dace. Shi kuwa rok, tun farko a matsayin kayan samari aka sayar da shi, na bijire wa iyaye. The Who suna da wata waƙa ta 1965 da saurayi yake fatan mutuwa kafin tsufa ya riske shi. Sun yi rangadin bankwana a 1982, suka sake yin wani a 2025, mawaƙinsu Roger Daltrey yana da shekara 81. Kiɗan ne bai tanadar wa masu yinsa wurin tsufa ba, sai da suka nemo shi da kansu.

Amma asalinsa ba haka yake ba. Daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka rok ya fito, kuma bulus kiɗan manya ne. Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu, kuma a 1981 sun je wani ƙaramin gidan rawa a Chicago suka hau dandamali suka zauna gefensa kamar almajirai, shi yana kusan saba'in. B.B. King a zaune yake wasa a shekarunsa na ƙarshe, bai daina ba sai 2014 yana da shekara 89, ko da yake a ƙarshen rauni ya bayyana ƙarara. Tsofaffin rok da suka fi burge ni su ne waɗanda suka tuna daga inda suka fito.

Ranar 5 ga Yuli 2025 a Villa Park da ke Birmingham, unguwar Aston inda suka tashi, mutum huɗun da suka kafa Black Sabbath a 1968 suka hau dandamali tare, karo na farko cikin shekara ashirin. Ta intanet na kalla. Ciwon karkarwa ya hana mawaƙinsu Ozzy Osbourne tsayuwa, a kan wata baƙar kujera ya zauna. Waƙoƙi huɗu kawai suka yi tare, bayan biyar da ya yi da makaɗansa. Muryar tana rawa a wurare, kana ganin yana son miƙewa jiki ya ƙi. Idan da ma'aunin makarantar kiɗa za a auna, akwai abin faɗa. Amma muryarsa ce, tasa, a wannan yammacin, mai jita Tony Iommi kuma, wanda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu tun yana ɗan shekara 17, ya fitar da wannan sauti mai nauyi da babu wanda ya iya kwaikwayonsa daidai. Kuɗin da aka tara na asibitin yara ne da gidan jinyar yara da binciken cutar da ke damun Ozzy. Ranar 22 ga watan ya rasu yana da shekara 76. Ba zan so a mayar da irin wannan sana'ar kowace shekara ba, a riƙa jan mara lafiya gari-gari. Amma sau ɗaya, a garinsu, da yardarsa, wasa ne na gaske.

Robert Plant shi ya zaɓi hanyar da ta fi kwanta mini. Bayan daren 2007 duniya ta so Led Zeppelin su zagaya, kuɗin da za a samu ba ya ƙirguwa, ya ƙi. Ya koma ƙananan zauruka da sababbin abokan kiɗa, yana waƙoƙin da suka dace da muryar da yake da ita yanzu. Tun 2003 ya je bikin kiɗan hamada a Essakane, kusa da Tumbutu, inda Tinariwen suka yi wasa. Waɗannan Abzinawan, da suka fara haɗuwa a Tamanrasset a ƙarshen shekarun 1970, suka buɗe wa Rolling Stones wasa a Ireland a 2007, suka ci kyautar Grammy a 2012, su ma dattawa ne yanzu. Amma jitarsu tafiyar raƙumi take yi, ba ta neman tsalle, kuma sun sa samari a gefensu tun da wuri. Bombino na Agadas da Mdou Moctar, da suka taso a bayansu a Nijar, sun fi su wuta da gudu, kuma ina fata idan nasu lokacin ya zo su dubi yadda manyansu suka yi.

Bruce Springsteen yana kusan awa uku a kan dandamali har bayan ya wuce saba'in, a Helsinki a 2012 ma ya haura awa huɗu. An san shi da karɓar kwalin da wani ɗan kallo ya rubuta sunan waƙa a kai, ya nuna wa makaɗansa, su lalubo ta nan take ko da sun shekara ba su taɓa ta ba. Wanda yake bin naɗaɗɗiyar murya ba zai iya wannan ba. Mai gangarsa Max Weinberg, wanda aka haifa a 1951, ba ya ɗauke ido daga bayansa, domin ɗaga kafaɗa kawai zai yi waƙa ta tsaya ko ta juya.

Idan abokai suka tambaye ni ko su kashe kuɗinsu a kan wata tsohuwar ƙungiya, nakan ce kada su kalli bidiyon talla. Su shiga YouTube su nemi wanda wani ya ɗauka da wayarsa a watan jiya, waƙa ɗaya a garuruwa biyu daban, su rufe ido su saurara. Idan a wani gari an ɗan ja ta, a wani an gaggauta, muryar ta karye a nan ta miƙe a can, to akwai mutane a kan wannan dandamali, su sayi tikitin. Idan kuwa dare biyun sun fito iri ɗaya sak har wurin jan numfashi, faifan yana nan a wayarsu, su saurare shi a gida.